Giwan ruwan da na mayar da hannuna

Wahala dai na sha ta iri-iri, amma wadda na sha ranar da na bi 'yan ƙungiyar kamun kifi zuwa Argungu, har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Ni mai gyaran babur ne a Gwadangaji. Maƙwabcina, wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya rasa abin yi, shi ne shugaban ƙungiyar. Da ya ji uwata 'yar masunta ce, sai ya matsa min in shiga. Ya miƙo takarda da Turanci, na dangwala hannu ban tambayi abin da ke ciki ba. Ranar tafiya na rufe shago, na ce wa maiɗakina kada ta yi cefanen miya, kifi na zuwa. Ita kuma ta shaida wa duk matan gidan.

Fatsarsu ma abin kallo ce. Doguwar sanda, zare kamar na ɗinki, ƙugiya an ɗaura mata gashin tsuntsu wai ta yi kama da ƙwaro. Ba tana, ba komai. Manya da tumbi, hula mai faɗi, sun jeru cikin ruwa suna kaɗa sanda kamar masu korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Tun hantsi har la'asar abin da aka kama shi ne rigar ma'ajin ƙungiya da reshen giyayya. Rana ta gasa min ƙeya, kafaɗata ta mutu.

Can masunta suka tsaya da jiragensu suna kallonmu suna dariya, cikinsu har da kawuna, yayan mahaifiyata. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, mi kaka yi nan? Kihin kaka yi ma hihita?"

Bai rufe baki ba sandata ta lanƙwashe. Allah ne kawai Ya so. Na yi ta fama har na jawo giwan ruwa, tsawonta ya kai hannuna. Dariya ta ɗauke. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce wa na kusa da shi, "Jininmu na." Tunda nake bai taɓa yabona ba sai ranar.

Aka yi hotuna. Sai shugaba ya dafa ni ya ce, "To malam, a maida ta ruwa."

Na ce, "A maida wa?"

Ya ce dokar ƙungiya ce, ana kamawa a saki, kuma na sa hannu. Na dubi kifin, na dubi mutum goma sha da suka kawo ni a motarsu. Kunyar masu hula ta fi ƙarfina. Na sunkuya na sake ta, a gaban kawu. Ya juya jirginsa ya tafi.

A gida na nuna wa maiɗakina hoton. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ya yi kyau. Soya shi za a yi ko farfesu?" Tuwo da miyar kuka lami muka ci.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ƙoshi ne ke wasa da abinci, kuma ni ba na cikinsu. Ban sake dangwala hannu a takardar da ba a karanta min ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na hau babur sai Argungu. Na iske kawu bakin ruwa yana gyaran homa, ragarsa ta kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya sa ƙafa ya turo min goran da masunta ke hawa cikin ruwa, ya ce, "Shiga. In ka saki ko guda, ka bi shi."