Idon Jariri a Bakin Ƙofa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Habsu, ƙanwar babanmu, ungozomar unguwarmu a Gazawa. Ni ban yi nisa a lakol ba, aji uku na fita, amma kunnena ba ya yar da magana, kuma tata ce ta fi zauna mani.

Gwaggo ba ta yarda da fitila ba, kowace iri ce. A zamaninta fitilar ƙwai muke kunnawa, mai haske ja-ja, takan ce wannan hasken launi guda yake shafa wa kowa, mai lafiya da maras lafiya. Shi ya sa duk jaririn da ta yanke wa cibi, ranar kwana uku sai ta dawo da hantsi, ta ɗauko shi daga ɗakin jego zuwa bakin ƙofa, ta danna mashi hanci da yatsa ta ɗaga, ta buɗe idon ta duba farin. Ciwon shawara take nema, mai sa ido da fata su yi ɗorawa. Mutane ba su so. Wa ke fito da jariri kafin suna, idon kowa a kanshi? Har akwai gidajen da aka riƙa raɗa cewa ba banza take ƙura wa 'ya'yan mutane ido ba. Ta ji, ba ta bari ba.

Yanzu sola ta shiga ko'ina, ƙwan fitila fari fat, allura in ta faɗi sai ka gan ta. Nakan tambayi kaina, da Gwaggo na nan me za ta ce? Ina jin wannan zai fi ba ta tsoro. Da can mun san ba mu gani sosai. Yanzu kuwa muna zaton mun ga komai.

Bara matar ɗana Lawali ta haihu a gidan iyayenta a Cadawa, na je barka ranar kwana huɗu. An rufe tagar ɗakin saboda iska, ƙwan sola na ci da rana tsaka. Mata cike, kowa na yaba yaron, wai fari ne sol kamar Balarabe. To mu dai duk danginmu babu fari, nasu ma haka. Ga shi uwar ta ce ba ya kuka, barci kawai, sai an tashe shi yake kama nono. Su suna ganin haƙuri ne, ni kuwa Gwaggo nake tunawa.

Na ce wa Hajiya Rabi, kakarshi ta wajen uwa, "Hajiya, a ba ni angon nan nawa in kai shi bakin ƙofa, kada a ɗaura mani aure da wanda ban gani ba."

Ta ce, "Uwar Lawali, wannan hasken duk bai ishe ki ba? Ko sai kin nuna wa duniya shi?"

Aka yi dariya, amma tata ba ta kai ciki ba. Na ɗauke shi duk da haka, na kai shi bakin ƙofa. Da rana ta sauka a fuskarshi na danna hancin. Wurin ya fito kamar garin ɗorawa, farin idon ma haka. Abin da fitila ta nuna mana fari, ashe ciwo ne.

Daga likitar Cadawa, ƙaramin asibitin garin, aka tura mu Maraɗi a ranar. Can kuma, ikon Allah, maganin da aka yi mashi fitila ce, wata shuɗiya, aka rufe mashi ido aka kwantar da shi ƙarƙashinta kwana da kwanaki. Na zauna ina hararar ta, ban yarda da ita ba sai da na ga ya farka yana tsala kuka yana neman nono. A gadon likita aka raɗa mashi suna Sani, rago sai daga baya. Yanzu yana rarrafe, baƙi wuluk kamar ubanshi. Hajiya Rabi ba ta taɓa tada maganar ba, amma da kaka ta aiko mani da kwanon wake.

Gwaggo Habsu ba ta bar ɗa ba, ɗakinta ma damina biyu ya yi ya zube. Amma yau in an haihu a unguwa, ni da ban iya yanke cibi ba, sai in ji sallama: "Inna, wai ki zo ki duba mana." Nakan ɗauki mayafina in tafi, na san wani zai ji haushi. Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta.