Hannun Inna a Jikin Leda

Inna ba ta son hoto. Duk bikin da aka yi a gidanmu na Wunti, in ka duba hotunan za ka ga kowa ya washe baki, ita kuwa sai dai ka hango gefen mayafinta tana shigewa ɗaki. Wanda kawai ta yarda aka yi mata shi ne na katin zaɓe, shi ma ta fito fuska a ɗaure kamar an kama ta da kayan sata. Saboda haka ranar da na ce mata ina so a sa hotonta a jikin ledar yajinmu, ko ɗago kai ba ta yi ba daga faifan da take tsince barkono.

"Ke dai boko bai yi miki rana ba," in ji ta. "Ni da girmana a manna ni a leda, a rataye ni a shago tsakanin sabulu da ashana?"

Yajin nata ne tun asali. A unguwarmu in mace ta haihu, Inna ake aiko wa ta je dakan yajin jego, don ita ta san inda citta ke tsayawa, kimba ta karɓa. Barkono sai ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya, daddawa kuwa in ta shinshina ba ta yi mata ba, ko ta 'yar'uwarta ce mayar da ita take yi. Ni na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo na zauna jiran aikin da har yau bai san hanyar gidanmu ba. Zaman ne ya ishe ni na fara ƙulla yajinta a farar leda ina kaiwa shagunan Yelwa, inda ɗalibai ke neman abin da zai sa shinkafa da mai ta wuce maƙogwaro. Allah ya sa wa abin albarka. Damuwar ɗaya ce: yaji a farar leda duk kamarsa ɗaya, kowane mai shago sai ya miƙa wa mutum wanda ya ga dama ya ce namu ne.

Wani mai ɗaukar hoto a Yelwa ne ya buɗe min ido. Shagonsa ɗan ƙarami ne, in ka shiga sai shi ya fita, amma bakinsa ya fi shagon girma. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

"Madam, ka saurare ni da kyau," ya ce. "Mutanenmu ba su karanta suna. Hoto suke kira. Ba ka ji ana cewa a ba ni mai zakara, a ba ni mai tauraro ba? Ka samu hoto ɗaya, launi ɗaya, ka riƙe shi gam. Ko ya gundure ka kar ka canza. Ranar da ya gundure ka, ran nan ne mutane suka fara ganinsa."

Da na gaya masa Inna ta ƙi, ya ce to a bar fuska, a ba shi hannu. Na kai maganar gun Baba, yana jan carbi ya ce hannu dai ai ba wani abu ba ne, in ita ta yarda.

Da hantsi aka yi ɗaukar. Inna ta ce ba za ta zauna gaban baƙon namiji yana leƙa ta ta cikin na'ura ba, don haka a bayan labulen ɗakinta ta zauna, ta miƙo hannuwanta biyu waje, ta cika tafin da yaji. Ta so ta fara wanke su ta shafa mai, mai hoton ya yi ta roƙo ta bayan labule.

"Mama, don Allah ka bar shi yadda yake. Haka nake so."

Ya shimfiɗa wani ƙyalle ruwan ɗorawa a ƙasa, ya ba ni farin zane ya ce in riƙe daga gefe don hasken rana ya dawo kan yatsun. Inna tana ciki tana mita, wai hannunta ya sage, wai wannan wane irin aikin banza ne. Da ya nuna min hoton sai na ƙura masa ido. Ga jan barkono ya rine mata layukan tafi, ga tsohon tabon ƙuna a babban yatsa, ga lallen da ya fara koɗewa a farce. Hannun da ya yi min wanka, ya kuma sha ranƙwashina, ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai a ran nan.

Maganar mai hoton ta tabbata. Sunan da na ɓata dare da rana ina zaɓa wa yajin, ba wanda ya taɓa kiransa. "Mai hannu" kawai ake cewa. Aka buga hoton a leda, aka buga a allon shago, aka manna a bayan keke, kullum shi nake sawa a waya. Muka kama ɗaki a Fadaman Mada, muka sayi injin niƙa da na liƙe leda, na ɗauki mata suna taya mu tsinta da shanya. Direbobi suka fara kai mana kaya Gombe da Jos da Azare. Duk sabon abin da muka ƙaro, yajin tafarnuwa ne ko na ƙuli, mai hoton ba ya yarda a ɗauka sai da hantsi, a kan wannan ƙyallen dai. Wata Sallah na so in ƙawata ledar da ruwan zinari, muka yi ta cacar baki har na kira shi ɗan ƙauye, amma bai sauko ba, ni na haƙura.

Inna ta ci gaba da zuwa tana ɗanɗana kowane haɗi kafin a ƙulla. In ta ga ana loda kwali a mota sai ta taɓe baki ta ce, "Oh ni, hannuna ya je Jos, ni ban taɓa zuwa ba." A fuska tana nuna abin bai dame ta ba, amma na sha jin ta tana tambayar maƙwabta ko sun ga allon da aka kafa a bakin titi.

Cikin damina ta rasu. Hawan jini ne, ta faɗi da safe tana shara, ba ta daɗe a asibiti ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yanzu in na fara ba na iya ƙarasawa.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, wata la'asar Baba ya dawo daga masallaci ya kira ni zaure. Mutum ne marar yawan magana, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya saba a gaya masa abu a taƙaice. Ya ciro wani abu daga aljihu ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Ledar yajinmu ce, wadda aka cinye aka yar, jiƙe sharkaf, tana warin kwata.

"A bakin lambatun masallaci na tsinta," ya ce. "Dubi nan."

Na duba. Sawun takalmi ne, daidai kan tafin hannun.

"Baba, ai leda ce kawai. Kowa ya gama amfani da..."

"Na san leda ce." Bai ɗaga murya ba. "Da tana raye ban ce komai ba, don in an ɓata na leda, tana da nata da za ta wanke. Yanzu fa? Hannun da na sa a ƙasa da kaina, in fito in tarar ana taka shi a hanya? Ki cire shi."

Ni mai baki ce, duk gidanmu an shaide ni. Ina da amsa cike da ciki: ga matan da ke ci a ƙarƙashin wannan hoto, ga shekarun da muka ɗauka kafin a san shi, ga ita kanta Inna da take alfahari da shi a ɓoye. Amma na dubi Baba, na ga gemunsa na rawa, abin da ban gani ba ko a ranar jana'iza. Na ce, "To, Baba."

Abin haushin, tun daga ranar idona ya buɗe. Da can in na ga ledarmu a bola daɗi nake ji, don shaida ce an saya an ci. Yanzu duk inda na juya sai in gan ta, a cikin kwata, a bakin akuya, a cikin juji ana ƙonawa, yatsun Inna suna nannaɗewa a wuta. Sai na ji ba don Baba kaɗai zan cire ba.

Mai hoton da ya ji labari ya ɗora hannu a ka. Ya yi min ta'aziyya, sannan ya ce, "Madam, wallahi in ka cire wannan, ka koma ranar farko." Ya kawo shawarar a ɗauki nawa hannun. Muka gwada, ya fito sumul, hannun riƙon biro, ko yaro ya gani ya san ba na Inna ba ne. Baba ma ya ce kowane hannu aka sa, nata za a ce. A ƙarshe muka ɗauki turmin Inna da taɓaryarta, da barkono a zube a gindi, a kan ƙyallen nan ruwan ɗorawa. Hoton ya yi kyau ƙwarai, shi kansa ya faɗa, amma ya faɗa ne yana girgiza kai.

Wata bai yi nisa ba masu shaguna suka fara dawo da kaya. In sun miƙa wa mutum sai ya juya ledar ya ce shi mai hannu ya ce a ba shi. Na bi su shago-shago ina bayani har muryata ta dushe. Na yi ta rubutawa a waya cewa shi ne dai na da, riga kawai ya sake. Na kai talla gidan rediyo. Waɗanda suka san mu sun gane, amma yawancin masu sayenmu ba su san mu ba, hoton suka sani. Matan da ke aiki da ni na fara sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai na rasa inda zan sa idona.

Ana cikin haka mai hannu ya dawo kasuwa, ba daga wurina ba. Wani marar tsoron Allah ne ya samu tsohuwar ledarmu ya ɗauki hoton hoton, ya buga. Da yake kwafi ne, launin ya dushe, yatsun Inna suka fito baƙaƙe, a kumbure. Na saya na buɗe na sa a harshe: gishiri ne da garin masara da jan kala, sai ɗan barkono don kar a ce babu. Na kai ƙara inda ake kaiwa, aka kwashe na wasu shaguna, bayan ɗan lokaci ya sake cika gari. Mai yin abin har yau ban san ko wane ne ba.

Baba ya sake tsintar leda a hanya, ya zo ya ce, "Ban ce ki cire ba?" Na ɗauko namu na yanzu na nuna masa, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya daɗe yana kallon su biyun. Tun daga nan, in zai tafi masallaci kansa a ƙasa yake tafiya, in ya dawo aljihunsa a jiƙe. Akwai buhu a bayan ƙofar zaure da yake zubawa, ba mai taɓa masa shi.

Kwanan baya na shiga keke daga Wunti zan tafi Fadaman Mada. Kusa da ni wata dattijuwa ce da kwandon cefane a cinya, ga mai hannu a saman kayan. Na yi ƙoƙarin kawar da kai, amma ta ga inda idona ya sauka.

"Ke ma kina saye?" ta ce. "Ni sabo ne kawai yake sa ni ɗauka. Da can yajin matar nan ko a jego aka kai wa mutum sai ya gode. Amma kin san halin mutanenmu, tun da ta ga kasuwa ta buɗe sai ta shiga ha'inci. Gishiri zalla take sayar mana yanzu. Kuɗi sun ɗebe mata tsoron Allah."

Bayanin da na yi wa mutane ba iyaka ya dawo min, na buɗe baki, sai na ji ba ni da ƙarfinsa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Mama, matar ta rasu."

"Ayya! Inna lillahi." Ta dafa ƙirji, da gaske abin ya taɓa ta. Ta dubi hannun da ke jikin ledar, ta ɗan shafa shi da yatsa. "Allah sarki. To ni dai na yafe mata nawa. Allah ya yafe mata abin da ta ci na mutane."

Ta zuba min ido tana jira, mai keken ma ya leƙo ta madubi yana jira. Addu'a ce aka yi wa mamaciya, ba a barin ta a ƙasa.

Na ce, "Amin."