Takalman Sabo a Gaban Wakilin Sarauniya

Shekara talatin ke nan cif da muka binne Sabo Jakada a wata maƙabarta a gabashin London. Ranar ana yayyafi, ƙasa tana manne wa shebur, ni kuma ina tsaye ina jiran kuka ya zo mini, bai zo ba. Har yau bai zo ba. Bayan sadakar uku matarsa ta miƙo mini littattafan rubutunsa guda bakwai a cikin leda, ta ce shi ya bar wasiyya a ba ni. Na ɗora su a saman durowa, ban buɗe ba sai makon jiya. Ba ƙiwa ce ta hana ni ba. Akwai rana guda da nake tsoron in tarar a ciki, ranar da na ce ban san shi ba.

Mun zo garin nan tare a shekarun da arzikin man fetur ya ɓarke, gwamnatin jiha tana tura ma'aikata kwas kamar ana rabon goro. Mu harkar mulkin ƙananan hukumomi aka aiko mu koyo. Muka kama ɗaki ɗaya a Stratford, a saman shagon wani mai gyaran rediyo. Ni na rungumi zamani hannu bibbiyu, ga wando fantalo, ga gashi a tsaye. Ni ne ma na matsa wa Sabo ya sayi takalma masu tudu, irin masu igiya har idon sawu, na ce masa in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura.

Jakada ba sunan yanka ba ne, gado ne. Kakansa da mahaifinsa su ne suke kai saƙon sarki ga wani hakimi a ƙasarmu, su dawo da amsa. Sabo ya tashi da ƙa'idar gidansu a baki: jakada ba ya ƙari, ba ya ragi. Ko cefane ka aike shi, sai ya dawo ya maimaita maka abin da mai kanti ya faɗa kalma da kalma, har ka gaji. A lokacin nan aikin jakadanci yana mutuwa a gida, iko yana barin fada yana komawa sakateriya, kuma mu ɗin nan ake horarwa mu karɓa.

Shi ya sa ranar da ya gano cewa Turawa ma suna da nasu, ya dawo ɗaki kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa a tasha. Kowace gunduma a ƙasar nan tana da mutum guda da ke tsayawa a madadin mai sarauta, suna ce masa Lord-Lieutenant. Sabo ya tare a laburare. Ya gano cewa muƙamin ya haura shekara ɗari huɗu, kuma a da shi ke tara mayaƙan gunduma in yaƙi ya taso. A hankali aka zare masa sojoji, aka bar shi da takobi da kaki, yana buɗe asibiti, yana maƙala lambar yabo, ba ko albashi. Har unguwarmu ya bi diddigi, ya ce a da tana ƙarƙashin wakilin gundumar Essex ne kafin a haɗe ta da London. Yana rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ni ina yi masa tsiya, ina kiransa Jakadan Stratford. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Malam Isa, su ma an ƙwace musu iko, amma ba a kore su ba.”

Sai ga ranar karɓar takardar kammala kwas, aka ce wani daga cikin mataimakan wakilin Sarauniya ne zai miƙa. Dattijo ne dogo, da takobi a kwiɓi. Kowa aka kira sai ya hau, ya yi musabaha, ya sauko. Da aka kira Sabo, sai ya tsaya a gindin matakala ya sunkuya yana kwance igiyar takalman nan. Igiyar ta ƙi. Ana ta jira. Da ƙyar ya zare su, ya hau da safa, ya durƙusa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. A tarbiyyar gidansu, wanda sarki ya aiko sarki ne har sai ya isar da saƙo.

Dariya ta fara daga baya, ƙasa-ƙasa. Wani Bature ɗan ajinmu ya karkato ya tambaye ni ko tare muke. Na ce a'a, ƙasarmu ɗaya dai, amma ban san shi sosai ba. Ina rufe baki Sabo yana wucewa ta gefenmu da safa, takardarsa a hannu, ya ruɗe ya manta takalman a can. Ban tashi ba. Wata tsohuwa mai raba shayi ce ta ɗauko su ta bi shi da su.

Ba mu koma gida ba, mun yi shekara kusan ashirin bayan nan muna tare a garin nan. Ni na karɓa masa aure, shi ya yi wa 'yata huɗuba. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Ban san ko ya ji ni ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Abbey Wood wajen 'yata. Kwanaki mijinta ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a zauren council, wato ƙaramar hukuma, ta ce, “Baba, na yi booking ɗin taxi, ka shirya.” Da muka je, sai ga irin mutumin nan, wannan karon mace ce, kuma wakiliyar Sarki, tunda Sarauniya ta rasu. Ta yi jawabi, rabin zauren suna kallon ta ta cikin waya. Na yi ta tunanin abin da Sabo zai ce. Ina jin zai ji daɗin ganin muƙamin bai mutu ba, ya nemi sunanta ya ƙara a jerinsa. Kuma ina jin zai sake cire takalmi, ko da jikokinmu za su ɗauke shi a waya su yaɗa.

Daga zauren nan ne na dawo na sauko da ledar. Littattafai shida sunaye ne da tarihi, da ƙananan rubutunsa mai tsabta, kowane zance da inda ya samo shi. Inda bai tabbatar ba ya rubuta bai tabbatar ba. A na bakwai na tarar da ranar. Ya faɗi igiyar da ta ƙi kwancewa, ya faɗi dariyar, bai rage komai ba. Ya ce dattijon ya rusuna ya miƙo masa takardar da hannu biyu, abin da ni ban ma lura da shi ba. Sai layi na ƙarshe: “Na manta takalmana, abokina Isa ne ya taso ya kawo mini su.”

Na karanta sau uku. Ya ga tsohuwar da idonsa, har godiya ya yi mata, ba mantuwa ba ce. Ashe ya ji ni. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda.

Mutane suna tambaya me mamaci ya bari. Sabo bai bar gida ba, tarihin nan ma ba na jin akwai mai buga shi. Abin da ya bari shi ne littattafai bakwai na mutumin da bai taɓa ƙari ko ragi ba, sai wuri guda, kuma don ya rufa mini asiri ya yi. Na so in yi kuka, na zauna a bakin gado ina jira, shiru. Abin da zan iya kawai shi ne in gyara masa littafinsa a bainar jama'a, tunda shi ba zai gyara ba. Ba ni na kawo takalman ba, Sabo. Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini.