Ranar da Wayata ta Yi wa Shanun Arɗo Kwalliya

Komai zan iya mantawa da shi a shekarun da na yi ina aikin duba lafiyar dabbobi, ban da wata ranar Talata a tsakiyar damina da na je rugar Arɗo Buba da sabuwar wayata. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna ganin kamar tun fil'azal da waya ake yin sa. A'a. Da can idan ka tarar da cuta a garke, takarda kake cikewa, ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da hannunka ya taɓa, ka kai wa likitan shiyya ya sa hannu a ba da mota da magani. Ni a lokacin mataimakin jami'i ne, wato mai shiga daji a kan babur. Likitan, wanda muke ce wa Dakta, shi ke zaune a ofis a Dutse yana yanke hukunci.

Sai aka gano wasu abokan aikinmu suna zama a gindin darbejiya a unguwar Takur su rubuta rahoton rugar da ba su taɓa takawa ba. Ba ƙarya aka yi musu ba, na san biyu a cikinsu. Saboda haka aka buɗe mana guruf a waya, aka kafa doka: ba mota, ba allurar rigakafi, sai an ga hoton dabbar. Dole na ajiye 'yar rakani-kashina na sayi ta shafawa, irin mai arahar nan. Cajinta yana kwana biyu, amma cikinta bai fi na ɗan tsako ba. Kullum da safe sai na goge hotunan furannin barka da Juma'a da wa'azin da 'yan'uwa suka turo kafin ta yarda ta ɗauki hoto ɗaya. In ta yi aikin minti goma kuma ta ɗau zafi kamar dutsen guga.

Abu ɗaya ne ya sa nake son ta. Tun ranar da uwargidana Hajara ta are ta zuwa wani biki a Yalwawa, duk hoton da na ɗauki kaina sai in fito fes, ba tamoji ko ɗaya. A guruf aka riƙa ce min, "Malam Habu, me kake ci ne haka?" Ni kuma in amsa da cewa fura da nono ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda aka yi mai shekara hamsin da ɗoriya ya koma saurayi cikin mako guda ba. Wa ke binciken alheri?

Rugar Arɗo tana can ɓangaren Ringim, sai ka bar kwalta ka yi tafiya mai nisa cikin yashi. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Bayan mun gaisa ya ce, "Likita, zo ka gani." Su duk mai riƙe sirinji likita ne. Na tarar da shanu huɗu fatarsu ta yi ƙulu-ƙulu, na shafa na ji su da tauri, jiki zafi rau, ido yana ruwa. Na san ciwon. Ƙudaje ne ke yaɗa shi, kuma idan ba a yi wa masu lafiyar rigakafi cikin kwanaki kaɗan ba, zai bi garken gaba ɗaya, maruƙa su ne ba sa kai labari.

Na ce a ware marasa lafiyar, kada a kai ko ɗaya kasuwa. Na goge furanni, na ɗauki hotuna shida, na hau kan wani suri ina ɗaga waya sama har sabis ya kama, suka tafi. Na ce wa Arɗo, "Baffa, in Allah ya yarda jibi za ka ga mota."

Kafin in fita kwalta Dakta ya kira ni.

"Malam Habu, waɗannan su ne marasa lafiyar?"

"Su ne, ranka ya daɗe."

"Ai sun fi ni lafiya. Dubi yadda fatarsu ke sheƙi. Mota ɗaya gare mu, kana so in tura ta kallon shanun gasa?"

Na ce wallahi da hannuna na shafa ƙurajen. Ya ce, "Gani ya kori ji," ya kashe.

Na tsaya a inuwa na buɗe hotunan. Shanu kam tubarkalla, sumul-sumul, har wani haske suke yi. To a nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Maimakon in juya babur in koma rugar, sai na fara tuhumar kaina. Na ce ƙila rana ce ta buge ni, ƙila cizon ƙuda ne na mayar da shi babban abu. Waya dai ba ta san kowa ba, me zai sa ta yi ƙarya? Na kira Arɗo na ce masa manya sun duba, sun ce ba abin damuwa, a ba su mako guda. Ya ce, "To, Likita. Ku kuka yi karatu."

Sai ranar Asabar, ina zaune a tsakar gida ina nuna wa Hajara hotunan, ta karɓi wayar ta kwashe da dariya. "Malam, ai ba ka kashe kwalliyar kyamarar ba. Ni na kunna ta ranar biki, har ƙarshe na kai ta. Tana goge duk wani tabo." Ta danna wani wuri, ta ɗauke ni hoto, ta miƙo min. Sai ga wani tsoho mai furfura yana kallona. Ban yi dariya ba, domin na tuna shanun Arɗo.

Litinin da sassafe na je ofis da niyyar faɗa wa Dakta gaskiya. Na tarar Arɗo ya riga ni. Yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, da wani abu nannaɗe cikin buhu. Masinja ya hana shi shiga, ni na shigar da shi. Ya gaishe da Dakta cikin ladabi, sannan ya kwance buhun ya shimfiɗa fatar maraƙi a kan tebur, bisa fayilolin. Duk jikinta huje-huje ne inda ƙurajen suka ci.

Ya ce, "Likita ya hana in fito da mai rai, shi ya sa na kawo wannan. Uku ne suka mutu. Wannan na jikata ne, shi na ba ta ranar sunanta."

Na buɗe baki na yi bayanin kwalliyar daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Dakta ya dube ni, ya dubi fatar, ya jawo takardar ba da mota. Har ya ɗora biro sai ya tsaya. Ya ce, "Malam Habu, ɗauki hotonta ka tura guruf tukuna. Doka ce." Haka na ɗauki hoton fatar da ke gabansa, na tura, wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya duba, sannan ya sa hannu.

A ranar muka tafi da allura, sauran garken kuma Allah ya tsare. Ba a ba ni takardar gargaɗi ba. Abin da aka yi shi ne aka fitar da sanarwa cewa kowane ma'aikaci ya kashe kwalliyar wayarsa, kuma daga ranar duk 'yan guruf ɗinmu suka tsufa lokaci guda.

Ba na ce ku jefar da wayoyinku ba, ni ma tawa tana aljihu. Amma in hannunku ya taɓa ciwo, waya ta ce ba ciwo, ku juya babur ku koma ku sake shafawa. Arɗo bai taɓa yi min gori ba, har yau in na je sai an dama min fura. Sai dai da can in na faɗi magana cewa yake "To, Likita." Yanzu sai ya tambaye ni, a hankali, ba da faɗa ba: "Kai ka gani, ko ita ta gani?"