Allurar Muƙamuƙi da Goron Tunuga

Tun da na ajiye alli na bar shugabancin lakwal, wato makarantar boko, a nan Gaya, aikin da ya rage mini a cikin dangi shi ne magana. In za a nemi aure, ni ake ɗauka. In za a yi ta'aziyya a gidan manya, ni ake sawa gaba. An horar da mu a zamanin da malami ba ya jingina da bango, ba ya kuma cin abinci a kan hanya. Har yau tsofaffin ɗalibaina, waɗansu da furfurarsu, sukan sauka daga kan babur su kira ni da laƙabin malamin lakwal, su ce, "Mushe, barka da hantsi." Ban taɓa ɓoye cewa hakan yana yi mini daɗi ba.

Ciwon ya fara da ɗan ƙas-ƙas a gaban kunnena na dama duk lokacin da na tauna goro. Sannu a hankali baki ya ƙi buɗuwa yadda ya saba, nama ya gagare ni, soyayyen kifi ma sai na marmasa shi da yatsu. Ban faɗa wa kowa ba, domin a garinmu in bakin dattijo ya sage, kafin azahar an ce ɓarin jikinsa ya shanye. Mai ɗakina ce ta gaji da kallona, ta ce, "Malam, tuwon nan ci kuke yi ko tsotsa? Ku tafi asibiti tun kafin in koma dama muku koko kamar jinjiri."

Lokotoron da ke duba baki da haƙori mace ce, sa'ar 'yata. Ta danna kuncina da yatsa har ta tarar da wani ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa, na ji zafin ya harba cikin kunne da haƙora. Ta ce haƙoran lafiyarsu lau. Tsokar da ke rufe baki ce ta ɗaure, saboda shekarun taunar goro a gefe guda da kuma cije haƙora cikin barci. Magani iri biyu ne: ko a tsikari ƙullin da siririyar allura marar magani har ya saki, ko a zuba masa ruwan da ke kashe zafi. Da marar maganin ta fara. Da tsinin ya taɓa wurin, tsokar ta zabura kamar kifi a ƙugiya. Na riƙe hannun kujera, ban yi ƙara ba, kuma na fita ina alfahari da haka.

A cikin waɗannan kwanaki ne ƙanena, wanda ke tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Gaya da bakin teku, ya zo da maganar ɗansa. Yaron yana son wata yarinya a Tunuga, 'yar gidan masunta. Iyayenta suna ja da baya, domin akwai wani mai nema daga cikin danginsu, kuma suna ganin mutanen birni za su raina musu 'ya. An sa rana guda. In ba a ba mu a ranar ba, wancan za a ba.

Da safiyar ranar na tashi muƙamuƙi a kulle. Na sa farar shaddata, na biya asibiti, na roƙi allurar kashe zafi. Lokotoro ta dubi rigar, ta dube ni.

"Baba, daga nan gida za ku, ko? Kuncin zai mutu har wajen la'asar. Kunu kawai. Babu goro, babu doguwar magana."

Na ce, "Gida zan tafi, 'yata." Ta yi mini allurar.

A Tunuga aka zaunar da mu ƙarƙashin rumfa kusa da kogi, an shanya taru a jikin danga. Mai magana a ɓangarensu shi ne yayan uban yarinyar, wani tsoho siriri da mayafi a kafaɗa. Al'adar gidan ita ce, kafin a furta kalmar aure, shi zai raba goro biyu, ya ba wakilin baƙi rabi, su tauna tare a gaban jama'a. Wanda ya mayar da rabinsa, sun ɗauka zumuncin ne ba ya so.

Ƙanena, wanda mai ɗakina ta tsegunta wa ciwon, ya raɗa mini, "Yaya, ba ni in tauna a madadinka, sai mu ce musu ba ka da lafiya."

Na ce, "Ni ne wakili ko kai?"

Na jefa goron a baki. Ban ji zafi ko kaɗan ba, abin da na daɗe ban samu ba. Daɗi ya kama ni, na shiga magana. Na yabi asalin gidansu, na jero kakanninmu, na kawo tsohon zumuncin mutanen tudu da mutanen ruwa. Na ga kawuna suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, na ɗauka kalamaina ne suka ratsa su, sai na ƙara ɗaga murya. Ƙanena ya ja hannun rigata. Na duba ƙirjina. Jan miyau gauraye da jini yana dalala daga gefen bakin da ya mutu, ya zana hanya a kan farar shadda har cinya. Ashe tun ɗazu goron da naman kuncina nake taunawa tare.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi, wataƙila da na sami abin yin fushi. Tsohon ya miƙe, ya cire mayafinsa, ya yafa mini a ƙirji, ya ce, "Mushe, iskar kogi ba ta da kirki ga baƙo. Ku rufe jiki." Bazara ce, ko ganye ba ya motsi. Sannan ya juya ga ƙanena: "Kai direba, yayanka ya hau tudun, sai ka gangaro da mu."

Ƙanena, wanda ban taɓa bari ya yi magana a taro ba, ya ce, "Baba, ɗanmu yana son 'yarku. In kun ba mu, za mu riƙe ta kamar tamu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Tsohon ya ce, "Mun ba ku. Mutumin da zai tauna goronmu da bakin ciwo don kada ya mayar mana da shi, ba zai wulakanta 'yarmu ba."

Wannan yabon ya fi dalalar ƙona ni, domin na san ba don girmama su na tauna ba. Ban so a ga ƙanena ya karɓi abin da yake nawa ne.

Da na koma asibiti, lokotoro ta leƙa cikin kuncina, ta ga raunin, ta ce, "Baba, kunun gidanku ƙashi gare shi?" Ta bari ya warke, ta ci gaba da tsikarar tsokar har baki ya saki. A karon da ya biyo baya na yi ƙara, ban kuma damu da wanda ya ji ba.

Yanzu in an ba ni goro a taro, nakan karɓa da hannu biyu, in faɗi ciwona, in miƙa wa ƙanena. Mayafin kuwa na sa an wanke an goge, na aika da shi Tunuga. Tsohon ya mayar mini, ya ce in riƙe, iskar kogi ba ta daina ba. Yana cikin akwatina, ban taɓa iya yafa shi ba.