Ɓargonki Yana Jikina, Yaya Salmiah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran yayata, Dakta Salmiah binti Yahaya, a garin Ipoh, tana da shekara hamsin da biyu, bayan jinyar sankarar jini.

Yaya, shekara ashirin ina rubuta rasuwar mutane a jarida. Taki ce ta gagare ni.

Lissafi ne aikinki. Kin ƙarar da rayuwarki kina ƙididdige yadda uwayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo suke rabuwa, da yadda kuskure guda wajen rabuwar yake hayayyafa a hankali har ya zama cuta. Da masu ba da jinin gwaji suka yi wuya, sai kika riƙa auna naki duk shekara, kina cewa shi ba ya bukatar lallashi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ɓargona ya mutu, kika ba ni naki. Ina farfaɗowa kika ce, "Malalaci, jinin ma sai na yi maka?"

Wata goma sha uku ke nan da kika kira ni shagon shayi na bayan masallacinmu, kika turo mini takarda kusa da farantin gurasar roti. Layin lissafi ne guda aka zana a jiki, yana ta hawa. Kika ce wata ɓatacciyar ƙwaya ce a jininki, kuma da kika bi lissafin baya kin gano ta girmi ranar da aka dasa mini ɓargonki. Tana cikin abin da kika ba ni.

"Rosli, ka yafe mini."

Na yi ta juya cokali a kofi. Daga baya ma saura mini shekara nawa na tambaya. Kika ce lissafi ya san mutum dubu, bai san mutum ɗaya ba. Amma wata goma sha huɗu kika yanka wa kanki, da ɗaya kacal kika kuskure.

An gwada ni, an sami ƙwayar a jinina. Bayan jana'iza mijinki Kamarul ya miƙo mini ambulan mai sunana da rubutun hannunki. Na san layin lissafina ne a ciki. Ban buɗe ba.

Na yafe, Yaya. Ba ma abin yafewa. Sai dai na faɗa a lokacin da ba kya ji.

Allah ya jiƙanki, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka makwancinki. Allah ya ba Kamarul da 'ya'yanku, Izzati da Hazim, juriyar wannan rashi. Ni ma a sa ni a addu'a. Mun binne ki ranar Talata, amma jininki yana nan a jikina, yana ta rabuwa.