Matar da Ke Ƙwanƙwasa wa Matattu Ƙofa

Da hantsi take zuwa. Ta ƙofar bayan asibiti take shigowa, wadda ba a bi da masu rai. Ta wuce ɗakin wanki, ta wuce injin wuta, ta tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe mai ruwan toka. Makullin yana rataye a wuyanta, amma ba shi take fara taɓawa ba. Ƙwanƙwasawa take yi. Ta yi sallama, ta sunkuyar da kai ta jira, kamar baƙuwa a gidan surukai. A ciki babu kowa sai matan da suka riga mu gidan gaskiya. Sai ta gama jiranta, sannan makulli ya juya.

Inna ke nan, mai wankan gawar mata. Haka kowa ke kiranta, har waɗanda suka girme ta. Ni na tuƙa motar gawa ta asibitin nan har idona ya gaza. Ban saba yabon mutum ba. Yau zan yi.

Sashen gawa na maza ne. Shugaba namiji, masu ɗauka maza, mai gadi namiji. A da, macen da ta mutu ba ta da dangi, tiyo ake sakar mata kamar ana wankin mota. Inna shara ta zo yi. Ran nan ta leƙa ta gani. Ta jingine tsintsiya, ta kwance mayafinta ta rufe matar, ta dubi ƙattin nan ta ce, "Ku fita." Suka fita. Har yau ba su san abin da ya fitar da su ba.

Tun daga ranar ɗakin ya zama nata. Risho ta kawo daga gida, domin ba ta wanka da ruwan sanyi. Sai ta ɗumama shi, ta gwada da gwiwar hannu kamar na jariri.

Dogo, babban mai ɗaukar gawa, bakinsa ba ya shiru. "Inna, wai gawa mura take yi?"

"Ranar taka sai ka faɗa mana," in ji ta. "Tiyo na nan na jiranka."

Ba ta yaye zane. A ƙarƙashinsa hannunta ke aiki, bakinta na zikiri, tana kuma yi musu magana. "'Yar'uwa, zan juya ki dama. Sannu, ga ruwa nan zuwa." Abin da ta gani a jikinsu kuwa, ya shiga rijiya. Mazaje sun tambaya, surukai sun tambaya. Amsarta ɗaya: "Baiwar Allah na gani."

Mai gadi ya rantse ya taɓa wucewa ta bakin taga ya ji muryoyi biyu. Wannan nasa ne. Abin da na gani da idona shi ne: wata safiya ta ƙwanƙwasa, ta jira, ta daɗe, sai ta ja da baya ta zauna kan benci. Na ce lafiya? Ta ce, "Ba ta shirya ba tukuna." Ban ƙara tambaya ba.

Ta sha wuyar wannan aiki. Maƙwabta ba sa cin abin da hannunta ya taɓa. A motar haya, kujerar kusa da ita ce ke ƙarshen cika. Uwaye na janye 'ya'yansu in ta miƙa hannu. Amma duk gidan da aka yi rashin mace, ƙofarta ake bugawa.

Sai tsufa ya zo. Hannu ya soma rawa. Shugaban sashe ya kira ta.

"Inna, lokacin hutu ya yi. Mun yi cigiya, babu macen da ta zo. Ki ba Dogo makulli."

"Ranka ya daɗe, makullin ɗakin mata?"

"Gawa ce fa, Inna. Gawa ba ta jin kunya."

"Bakin faɗa ne ba ta da shi."

Ya ce shi dai ya gama magana, gobe makulli ya canja wuya.

A wannan rana na kawo wata da aka tsinta a bakin titi. Ba suna, ba dangi. Wuta ta ɗauke, inji ya lalace, rana tana dukan kwano. Dole a rufe ta kafin la'asar. Inna ta shiga, ba ta jima ba ta fito. Hannun ya ƙi. Ba za ta iya juya ta ita kaɗai ba.

Dogo ya naɗe hannun riga. "Kawo in kama miki, ai lalura ce."

Ta kulle ƙofa, ta mai da makulli wuya. "Ba a gabana ba."

Ta bi ɗakunan asibiti tana neman mace ɗaya. Wannan aiki ya yi mata yawa, waccan tana da ciki, wata ta ce mijinta zai ji. Ƙuda ya fara taruwa a jikin ƙofar ƙarfe. Dogo ya jawo tiyo ya ajiye inda za ta gani.

Ɗakin wanki ne ya rage. Nan mai guga take, bazawara mai ƙaton murya, wadda in za ta wuce ƙofar nan sai ta tattare zane ta ruga.

"Ni? Haba Inna! Ni da ko mushen kaza na gani sai na yi mafarki?"

"Zane kawai za ki riƙe. Ke da zannuwan asibitin nan duka sun bi ta hannunki."

"Waɗannan ai ba kowa a cikinsu!"

"Sa'arki ce, 'yar nan. In ke aka tsinta a titi, wa kike so ya yaye ki?"

Mai guga ta leƙa waje, ta ga tiyo, ta ga Dogo. Ta kife dutsen guga. "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma wallahi in ta motsa, ta kanki zan bi."

Abin da ya faru a ciki daga bakin mai guga na ji, Inna ba ta faɗa. Ɗakin duhu, sai hasken taga da harshen risho. Suka juya ta, suka wanke. Da aka zo kai, sai ga kitso ya tsaya rabi, gefe ɗaya a kitse, gefe ɗaya a tsefe. Wata a wani wuri ta fara, ba ta ƙarasa ba. Yatsun Inna suka kasa ƙarasa kitson. Mai guga ta karɓa. Tana cikin yi gashi ya sarƙe, ta ɗan ja, sai ta ji bakinta ya ce, "Wayyo, yi haƙuri, na ja miki?"

Ta ce matar da suka tarar haƙoranta a cije, da suka gama fuskar ta saki. Inna ta ce aikin ruwan ɗumi ne. Mai guga ta ce ita dai ta ga abin da ta gani.

Kafin la'asar na kai ta makwancinta, a rufe, da mutuncinta.

Washegari da hantsi Dogo ya zo karɓar makulli, ya same shi a wuyan mai guga. Shugaba ya duba, ya duba, ya koma ofis. Mai guga ta kai hannu za ta buɗe, Inna ta riƙe ta. Mai guga ta gane. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama. Shiru.

"Inna, ban ji komai ba."

"Ki dai jira."

"Ke kina ji?"

Inna ta nuna mata makulli, alamar ta buɗe.

Inna, ke ce mayafin wadda ba ta da kowa. Ke ce kika tsaya ke kaɗai a tsakiyar maza, ba ihu, ba zagi, da risho da zane kika ƙwace wa mata ɗaki. Kin yi hidima ga waɗanda ba za su taɓa ce miki an gode ba. To, ni na ce. Mun gode. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na bayinsa.

Ku kuma mata masu janye 'ya'ya, da ku maza masu tiyo, mutuwa rigar kowa ce. Mai guga ita kaɗai ce, hannunta biyu ne. Wata ta je ta riƙe mata zane.

Je ki huta, Inna. Ranar da za a shigar da ke wancan ɗaki, akwai wadda za ta ƙwanƙwasa ta jira. Ruwan kuma zai yi ɗumi.